Tumatirin Kawu Sale na Jiran Sakamakon Gwaji

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan Unguwar Mu'azu lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kawu Sale ya daina ba tumatirinsa ruwa, kuma ni ne sanadi.

Farfesa Ladi, wadda sashenmu na jami'a ya haɗa ni da ita don ta nuna mini yadda ake koyar da ilimin muhalli, ta ce in bar alƙaluman cikin littafi, ɗalibai su auna nasu. Sai na kai su rafin Kakau da Kawu yake ban ruwa da shi, suka ɗebo ruwan a kwalabe. Gwajin ya nuna alamar dattin masana'anta, na kira Kawu na faɗa masa tun kafin Farfesa ta gani.

Da ta duba, tambaya ɗaya ta yi: "Malam Nura, da me aka wanke kwalaben nan?"

Wata ɗaliba ta ce, "Da garin sabulu, Ma. Kunya na ji a kawo miki kwalba da datti."

Farfesa ta ce, "To, wataƙila tsabtarki muka auna, ba rafin ba."

Mun sake ɗebo ruwan a kwalaben da suka dace. Na yi wa Kawu bayani cewa wataƙila sabulun ne ya ɓata gwajin farko, amma ya ce ba zai ciyar da mutane abin da yake shakka ba. Ganyen ya fara yaushi.

Ki sa mu a addu'a, ki gai da su Amina. Har yanzu sakamako na biyu bai fito ba.

Ƙaninki,
Nura