Kun Ɗauki Godiyata, Kun Yar da Tambayata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan talabijin da ya shirya muhawarar masu neman kujerar ƙaramar hukumarmu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali da ma'aikatanka. Ni ban shiga aji ba, matar ɗana ce ke rubutawa, amma maganar tawa ce.

Ranka ya daɗe, ka tuna shekarar da cuta ta ruɓar da citta tun tana cikin ƙasa, har muka rasa irin shukawa. Ba mu gama farfaɗowa ba yaranka suka zo Fadan Kagoma da kyamara, wai suna tattara tambayoyin manoma don a yi wa 'yan takara. Jama'a suka turo ni, domin tun mulkin farar hula na Jamhuriya ta Biyu babu ɗan siyasar da ya yi alkawari a dandalinmu da ban riƙe maganarsa ba.

Na farko. A wurinmu dattijo ba ya buɗe baki da ƙara. Sai da na gode wa Ubangiji, na gode wa gwamnati da baƙi, sannan na yi tambayata: wane ne a cikinsu zai kawo mana irin citta mai lafiya kafin ruwa ya sauka, kuma ta hannun wa? Na lissafa waɗanda suka taɓa yin irin wannan alkawari suka ɓace. Yaronka ya ce, "Baba, duka za a sa."

Na biyu. Ranar Lahadi na tashi a majami'a na ce kowa ya zo ya kalli muhawarar ranar da za a nuna ta, kada mutum ya dangwala ƙuri'a bai ji da kunnensa ba. Har masu zuwa kasuwa na hana. Muka cika gidan kallo. Sai ga fuskata, ina cewa mun gode wa gwamnati. Shi ke nan. Kuka yanke ni, kuka nuna ɗan takarar jam'iyya mai mulki yana murmushi.

Na uku. Sauran muhawarar da Turanci aka yi ta, babu mai juya mana zuwa Hausa. Abin da tsofaffinmu suka gane a ranar, godiyata ce kawai.

Yanzu a gari ana cewa an saye Baba Ayuba. Matar marigayi ƙanena, wadda ta rasa gonarta duka, ta wuce ni a bakin rijiya ba gaisuwa. Matasa kuma sun ce daga yau ba mai kallon muhawara, tunda har ni an juya. Wannan ya fi yi mini ciwo, don ni na ce su zo.

Roƙona, ka sa maganata daga farko har ƙarshe kafin ranar zaɓe, ka kuma sa a maimaita muhawarar da Hausa. Ubangiji ya ba ka lafiya, ya kiyaye ka daga ranar da za a yanke maganarka a gaban 'ya'yanka.

Gobe da sassafe zan hau mashin zuwa Kafanchan, in shiga mota in zo ƙofar ofishinka in zauna. Ka fito da kyamarar. Tambayar tana nan a kaina, kuma wannan karon ba zan fara da godiya ba.

Wassalam.

Baba Ayuba,
Fadan Kagoma.