Kalmar da Ta Rufe Bakin Kaka

Ɗana,

Kada ka karanta wannan wasiƙa a tsaye, kada kuma ka tsallake layi ka ce ka gane, don ba yabo na aiko maka ba. Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara tsare ku. Mu nan mun gode Allah, ƙafar Babanku ta yi sauƙi har ya koma shago. Kaka ce kaɗai ba daidai ba, kuma ciwonta ba na asibiti ba ne.

Ka tuna ranar da Auta ta kira ka kan aikin makaranta, malaminsu ya ce kowa ya rubuto almara guda. Ka ce mata me take nema a nesa, ta rubuta labarin Kaka mana, na kurciyar da ta ja kakan kakanninku zuwa ruwa lokacin da ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ka ƙara da cewa ai duk ƙirƙira ce, har da dariyarka. Abin da ba ka sani ba, Auta ta buɗe muryar wayar, Kaka kuwa tana bakin taga riƙe da 'yar tasar da take zuba wa tsuntsaye ruwa kowace safiya. Ta ajiye tasar, ta ce, "Ashe ƙarya na yi ta shayar da ku."

Tun ranar tasar nan a kife take. Kurciyoyi su sauka a taga, su leƙa, su tashi. Yaran Gwaggo sun zo sun roƙe ta labari, ta ce su je su tambayi angonta mai ilimi. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗora tukunya in manta da ita, in shiga ɗakin Kaka in fito ban san me na je ɗauka ba.

Ni ma na zauna a aji, ba kai ka fara ba. Kalmar almara ba ta da laifi, yadda ka jefa ta ne. Ƙarya ana yin ta ne don a cuci mutum. Almara kuwa labari ne da mutane suke miƙa wa 'ya'yansu don su san su wane ne, da abin da ya wajaba a kansu. Ba wanda ya ce ka rantse kurciya ta san hanya. Amma saboda labarin nan ba a taɓa hana mai ƙishirwa ruwa a gidan nan ba, saboda shi Babanku yake ajiye jarka da kofi a ƙofar shago. Magana zarar bunu ce, kai kuwa ka zaro ta a gaban ƙanwarka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, na sa Babanku ya ba mu labarin, ya kai inda kurciyar ta sauka ya tsaya yana sosa ƙeya. Alkawarin da kakan kakannin naku ya ɗauka a bakin ruwan, Kaka kaɗai ta san yadda yake. Shekaru sun ja mata. In ta tafi da shi a bakinta, a wane littafinka za ka samo mana? Ka kira ta. Ban ce ka yi mata dogon bayani ba. Ka roƙe ta labarin daga farko, ka kama bakinka har ta dire.

Ka gaida mini surukata da takwarata. Babanku da Gwaggo da Kawu direba suna gaishe ka. Auta ma tana gaisuwa, ko da yake ta sha nata faɗan.

Na riga na tara su na faɗa musu, kai ma nisa bai fitar da kai ba: daga yau a gidan nan, ba mai sa wa labarin Kaka suna, almara ko ƙirƙira, sai wanda ya iya ba da shi daga farko har ƙarshe.

Mahaifiyarka.