Mai Ɗanɗana Biskit

Iskandariya, 3 ga Maris

Ƙanena Hilmi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina fata bargon da na aiko ya iso hannunka, bai tsaya a gadon wani gandiroba ba.

Ka zauna kafin ka karanta wannan, don na san za ka yi dariya. Yayarka ta fara sana'a: biskit na karnuka. Wata Madam mai shagon kayan dabbobi a Kafar Abdu ta ce matan unguwarsu suna sayen na ƙasar waje da kuɗin da zai ciyar da gidanmu mako guda. Ta ce in na kawo mata kala uku masu kyau, za ta riƙa karɓa duk Alhamis. Uku kawai take so, ni kuwa na gwada shida: hantar saniya, kaza da kabewa, gyaɗa, dankali mai zaƙi, cuku, da huhu. Usta Gabir ya ba ni kusurwar tanderunsa bayan ya gama burodin safe. Kullum sai ya ce, "Afaf, shekara arba'in ina ciyar da mutane, yau kin mai da ni kukun kare."

Alƙalin kuwa karenka ne. Mishmish ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Ina jera masa shidan a ƙasa, ya shinshina kamar surukar da ta zo duba girki. Hanta yake fara ɗauka. Cuku kuwa ya ɗaga masa ƙafa, ka san sauran. Ran Juma'a nakan kafa tebur a bakin titin teku in ɗaure shi a gefe, duk mai son saye in ba shi ɗaya ya miƙa masa da hannunsa. In suka ga ƙaton kare irin wannan yana karɓa a hankali yana kaɗa wutsiya, sai su buɗe jaka.

Kai ne mahauci, ka gaya mini ukun da zan zaɓa.

Saura wata biyu ka fito, Hilmi. Ka riƙe hannunka, ka riƙe bakinka. Sabri yana nan a shagon gahawarsa, ba na kallonsa, ba ya kallona. Shekara ukun da ka biya kan yatsunsa biyu ta isa. Na yi wa Mama alkawari a kan gadon mutuwarta cewa ba za ka tsufa a kurkuku ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Afaf

*

12 ga Maris

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Bargo ya iso. Wani ya so ya raba ni da shi, na danne shi da bango har ya tuna yana da nasa. Kada ki damu, ba wanda ya gani.

Na yi dariyar, har 'yan ɗakinmu suka karɓi takardar suka karanta. Hanta ki riƙe ta, amma ki saya da safe tun tana sheƙi, ki cire jijiyar. Huhu ki bar shi, ba ya kwana biyu. Dankali ya yi wa karnukan masu kuɗi, cikinsu ba ya ɗaukar komai. Na ukun ki nemo da kanki.

Sai dai dariyar ta ƙare da na kai inda kika yi maganar tebur. Wa ya ce ki bar baƙo ya ba Mishmish abinci? Kina gidan mijinki a Damanhur lokacin da na hore shi, ba ki gani ba. Wata huɗu na yi ina sa mutanen kasuwa su jefa masa nama cike da barkono, yana kuka, ina jin kamar ni ake ƙonawa, har ya gane abin da bai fito daga hannuna ba wuta ne. Karen mahauci a unguwarmu in bai koyi wannan ba, ba ya shekara biyu. Ke kaɗai na nuna masa ya karɓa daga hannunki kafin su tafi da ni. Yanzu kin kwance mini aikin wata huɗu saboda matan Kafar Abdu su buɗe jaka.

Ki daina daga yau. Kuma kada ki ce mini Sabri ba ya kallonki. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar titi ya kira ki da sunan da ya kira ki, wanda ya sa na ɗaga adda, ba ya manta komai. Duk safiya in ya zo ɗaura igiyar takalmi yana tunawa da ni.

Ki shafa mini kan Mishmish, a bayan kunnen hagu.

Ƙanenki, Hilmi

*

Iskandariya, 2 ga Afrilu

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri ban zo ziyarar wannan watan ba, ƙafata ce ta kumbura, motar kuma ka san nisanta. Na ba maƙwabciyar wani ɗan ɗakinku kwanon abincinka.

Komai lafiya. Na ji maganarka, na daina kafa tebur. Na tsayar da ukun: hanta, dankali, sai kifin sardin, tunda ga shi a ƙofar gida kuma da araha. Madam ta yaba. Mishmish ma ya fi son na kifin, ya cinye faranti guda har yana lasar ƙasa. Yana gaishe ka.

Ka yawaita salla, ka rage fushi. Saura kaɗan.

Yayarka, Afaf

*

9 ga Afrilu

Yaya Afaf,

Salamu alaikum. Wannan takardar ba ta bi ta ofis ba, matar wani ce ta fito da ita, don haka zan yi magana yadda nake so.

Ƙarya kika yi mini. Mishmish yana ɗan wata uku ya haɗiyi kan sardin da ƙugiya a ciki a bakin jiragen masunta. Ni na danne shi tsakanin gwiwoyina na tsaga leɓensa da wuƙa na ciro ta. Tabon yana nan, ki duba gefen dama, in akwai abin dubawa. Tun ranar ko kwandon kifi aka wuce da shi sai ya shige ƙarƙashin teburin yanka. Yunwar kwana uku ba za ta sa ya lashi sardin ba.

Tun muna yara in kika yi ƙarya sai maganarki ta gajarta. Ƙafarki ba ta kumbura ba, fuskarki ce ba ki so in gani.

Ina karena? Na buga bangon nan har fatar hannuna ta tsage, da shi nake rubuta miki. Ki gaya mini da bakinki kafin in ji a bakin wani.

Hilmi

*

Iskandariya, 16 ga Afrilu

Hilmi, ɗan uwana,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ka haƙurin karanta wannan har ƙarshe.

Wasiƙarka ta gargaɗi ta iso ran Lahadi. Mishmish ya mutu ran Asabar, kwana ɗaya kafin ta iso.

Ran Juma'a, ana gobe zai mutu, matar Sabri ta zo teburina cikin niƙabi, ban gane ta ba sai daga baya. Ta ce uwar ɗakinta ce ta aiko ta, wanne kare ya fi so? Na ce hanta. Ta saya, har gyara na yi mata.

Ran Asabar da hantsi ina cikin gidan burodi, Mishmish yana kwance a ƙofa. Usta Gabir ya ga Sabri ya tsallako titi, ya durƙusa, ya miƙa masa biskit da hannun nan mai yatsu uku. Karenka ya kaɗa masa wutsiya, Hilmi. Ni na koya masa.

Kafin in fito da farantin farko gubar da ke cikin biskit ɗin ta fara aiki. Ƙafafunsa suka sandare, bayansa ya lanƙwashe har kansa ya kusa taɓa wutsiyarsa. Ya ciji harshensa ya rabe, jini da kumfa suka cika mini zani. Na ɗura masa madara da mai, haƙoransa suka datse mini yatsa har ƙashi, bai san ni ce ba. In ya lafa sai ya dube ni, sai abin ya sake fizgarsa ya buga kansa da dakali. Kusan rabin awa. Ba mai tasi ɗin da ya yarda ya ɗauke mu.

Sabri yana zaune a ƙofar shagonsa yana zuƙar shisha, masu domino sun daina wasa. Da aka gama ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya mai biskit, an ce kala uku kike nema. Ga na huɗu na ƙara miki, kyauta."

Na kai ƙara. Aka ce kare ne.

Na rufe shi a bayan shagonka. Laifina ne, ka zage ni yadda kake so, ka daina kira na Yaya in ka ga dama. Amma ka ji ni: abin da Sabri yake so ke nan. Ya ƙirga kwanakin fitowarka kamar yadda nake ƙirgawa. In ka taɓa shi a karo na biyu, ba shekara uku ba ce, igiya ce ko tsufa a can. Ina roƙonka da kabarin Mama.

Yayarka mai laifi, Afaf

*

24 ga Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Ban zage ki ba, kuma ba zan zage ki ba.

Ranar sha ɗaya ga Mayu da safe za su sake ni. Kada ki zo ki tarye ni. Addata tana saman ƙusa a bayan ƙofar shago, ki kai wa mai washi. In ba ki kai ba ma babu komai, ba sai ta yi kaifi ba.

Ki yafe mini alkawarin Mama. Ke kika ɗauka, ba ni ba.

Hilmi

*

Iskandariya, 5 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Hilmi,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da fatan alheri, ni ne Gabir mai gidan burodi. Ban saba rubutu ba, ka yi haƙuri da hannuna. Yayarka ce ta ɗora mini wannan, kuma na ga abin da idona.

Ran Talata ta zo da wuri ta gasa na Madam duka, ta jera a kwali, ta rubuta mini awon kowane kala a takarda ta liƙa a bangon tanderu. Na tambaye ta ko tafiya za ta yi. Ta ce, "Kusa ne, Baba Gabir." Ta wanke hannu, ta ɗauki taɓaryar tagullar nan da take daka hanta, ta sa a cikin jakar cefane.

Sabri yana zaune a wurinsa. Da ya gan ta ya ce, "Yau wane kala aka kawo mana?" Bai rufe baki ba ta sauke masa taɓaryar a gwiwa. Daga ƙofata na ji ƙarar, kamar an fasa kwakwa. Ya faɗi da kujerar, ya ɗaga hannu zai kare, ta bi hannun, wancan mai lafiyar, ta daka shi a kan dakali sau uku. Na huɗu a muƙamuƙi. Haƙoransa suka zube cikin garwashin shisha. Maza takwas a wurin, ba wanda ya motsa, ni ma ban motsa ba, Allah ya yafe mini. Matar da na sani tun tana goyon ka, ko ƙara ba ta yi ba.

Da ta gama ta ajiye taɓaryar a kan tebur, ta jawo kujera ta zauna, ta ce a kira 'yan sanda. Na kawo mata ruwa. Ta ce, "Ka rubuta wa Hilmi. Ka ce masa na riga shi, babu sauran abin da zai tarar. Addarsa tana ƙasan teku tun jiya. Ka ce masa mutum ɗaya daga gida ɗaya ya isa, in ya biyo ni ciki, to na yi a banza."

Sabri bai mutu ba. Likita ya ce ba zai ƙara tafiya babu sanda ba, ba zai ƙara riƙe kofi da kansa ba. 'Yan uwansa sun rufe shagon, za su mai da shi ƙauyensu. Lauya ya ce tunda ba ta taɓa laifi ba, wataƙila shekara uku, wataƙila biyar.

Ɗana, ba ni da abin da zan ƙara. Tanderu yana nan, takardarta tana bango, Madam kuma tana jiran na Alhamis mai zuwa.

Wassalam.
Babanka, Usta Gabir

*

Iskandariya, 14 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Na fito. Na san ƙauyen Sabri, na san motar da ke zuwa can. Na tsaya a tashar har ta cika ta tashi, sannan na tafi wurin Baba Gabir.

Na cire sardin, na mai da gyaɗa. Dankali ya yi kyau. Hantar ce ta ƙone mini sau biyu, ba ki rubuta minti nawa ba. Babu mai ɗanɗana mini, da bakina nake gwadawa.

Ziyararku ran Litinin ce. Zan kawo bargon, na wanke shi. Ki gaya mini abin da kike so a kwanon.

Ƙanenki, Hilmi