Inuwar da Farfesa Ke Son Ta Ɓace

Anti, ki agaza mini, na gaji. Ina digiri na biyu, aikina taswirar zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, irin mai layuka zagaye-zagaye da launuka. A kusurwar gabas rijiyoyin da na auna ba su taka kara sun karya ba, layukan wurin kwamfuta ce ta cike su da hasashe. Sai na shimfiɗa inuwa ruwan toka a kai, shara-shara, ana hango layukan ta ƙasa, don mai karatu ya san wurin ba tabbas.

Farfesan da ke duba aikina ya ce kamar an zubar da shayi a takarda. Na rage duhunta. Ya ce in ƙara ragewa. Na ƙara. Yanzu a allon kwamfuta sai ka karkata kai kake ganinta, firintar sashenmu kuwa ba ta san da ita ba sam. Jiya ya yaba, wai taswira ta yi tsabta. Maigidana ya ce in bi malam in karɓi takardata, shi ya gaji da cin abinci kusa da taswira. Amma Anti, masu haƙa burtsatse za a miƙa wa aikin nan. Idan suka haƙa a gabas suka tarar da ƙura fa? Idan kuma na yi gardama, wata shekarar ce a kan bencin ƙofar ofishinsa.

Wadda ta gaji

Ƙanwata,

Na san bencin nan, na ɗumama irinsa.

Farfesanki yana da rabin gaskiya. Toka a kan launuka tana dagula su, shuɗi ya koma wani abin da babu shi a ma'aunin launukan da ke gefen taswira. Sai dai maganin da ya ba ki ya fi ciwon muni. Gargaɗin da ba a gani ƙarya ce, ta dai iya gaisuwa.

Ki daina cinikin duhu da haske, ba za ki ci ba. Cire inuwar gaba ɗaya. Zagaye yankin da layi siriri, ki ja masa zane a karkace, layukan zurfin da ke ciki ki mai da su tsinke-tsinke. Sa ɗigo a kan kowace rijiyar da kika auna, ki rubuta ma'anarsu a gefe. Ki buga a wannan tsohuwar firintar kafin ki kai masa, abin da ya tsira daga gare ta zai tsira ko'ina.

Sannan ki gode masa, ki ce shi ya nuna miki aibin tokar. Gaskiya ce, kuma farfesoshi ba su cika yaƙar ra'ayin da aka ce nasu ne ba. Idan ya ƙi, ki tuna masa cikin ladabi cewa mai jarrabawa na waje zai ƙirga rijiyoyin, kuma shi farfesan sunansa na jikin bangon aikin.

Maigida kuma, ki ɗauke masa taswirar daga tebur.

Allah ya sa ki gama lafiya, ya sa masu haƙa su tarar da ruwa inda kika ce akwai.