Ɗigon da Na Karanta Cikin Gaggawa

Zuwa ga matata Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan makwancinki da sanyi. Tun rasuwarki gidan nan ba mai sauraron surutuna, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna direban motar doya da ya rasu a hatsari a hanyar Obi, lokacin ina aikin ɗakin gwaje-gwaje? An kawo mini fitsarinsa in duba ko ya sha ƙwaya. A wancan zamani farantin gilashi muke shafa wa hoda, mu ɗiga fitsarin a ƙasansa, mu tsayar da shi cikin kwalba, ruwan sinadari ya hau da shi. Kowane magani da inda yake tsayawa. Ranar ana tsananin zafi, murfin kwalbar bai zauna daidai ba, na gani, ban sake gwajin ba. Ɗigo ya fito a gurbin ƙwayar maye. Na rubuta, na sa hannu.

Da na ba ki labarin muna cin tuwo, kika ce, "Malam, hannunka ya fi idonka sauri." Haushinki na ji.

Makon jiya Dakta Rahila, 'yar ƙanwarki, ta zo gaishe ni. Aikinta yanzu shi ne gyara hanyar raba magunguna a irin wannan gwaji, da na'ura mai dogon siririn bututu. Ita ta nuna mini cewa a tsohuwar hanyarmu, in sinadarin ya ƙafe, maganin zazzaɓi kan tsaya wuri guda da ƙwayar. Kin tuna, matar direban ta yi ta rantsuwa maganin zazzaɓi kaɗai ya sha. Ba wanda ya saurare ta. 'Ya'yansa sun tashi ana ce musu 'ya'yan ɗan ƙwaya.

Ba zan rantse bai sha ba. Amma ban da hujjar cewa ya sha.

Na ba Rahila tsofaffin littattafaina, har da shafin gwajin direban nan, ta nuna wa ɗalibanta. Ranar Alhamis kuma zan tafi Obi. An ce matar direban tana raye a can, tana sayar da gishirin garin Awe a kasuwa. Gwiwoyina sun ƙi, likita ya hana ni doguwar tafiya, amma na riga na gama magana da mai mota. Zan tsaya gabanta da gaban 'ya'yanta in faɗa da bakina. In ta kore ni, ta yi daidai.

Allah Ya haskaka kabarinki, Asabe, Ya jiƙan direban nan. Ni kuma Ya ara mini numfashi zuwa Alhamis.

Mijinki,
Malam