Su Ma Cin Rani Suka Je?

Haɗeja, daren Laraba, farkon damina

Yau na karantar da 'yan aji bakwai tarihin talakawan Turai da suka yi tururuwa a jiragen ruwa zuwa Amurka, har ƙauyuka suka zama birane. Daɗin zance ya ɗebe ni, na kamanta su da kogin nan namu idan ya tumbatsa ya mamaye fadama, har na rera musu wasu baitoci da na tsara a kai.

Sai Garba, ɗan masuntan Guri, ya ɗaga hannu. "Malam, cin rani suka je? Da ruwa ya sauka sun komo gida shuka?"

Na ce a'a, akasarinsu can suka zauna, can aka binne su.

Ya sunkuyar da kai. "Baba dai Kano ya ce za shi."

Ashe tun bara mahaifinsa ya tafi bai dawo ba, tarunsa na rataye a zaure. Ni mai alfahari da fasahar harshe, sai kawai na ce masa Kano kusa ce, babu teku a tsakani. Ya gyaɗa kai, don ladabi kawai.

Ya Allah, Ka sa ban yi wa yaron nan ƙarya ba.