Zaren Laya a Hannun Jikana

Yaya Buba, an haihu! Matar ɗana Sule ta sauka ran Talata, namiji, ƙato. Na yi jika! Da hannuna nake rubuto maka, karatun yamma ya yi rana.

Gaisuwa mai yawa daga Roni. Ina gajiya, ina iyali, yaya shanu?

Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai. Jiya ungozoma ta ɗaura wa jaririn laya a wuyan hannu. Sule na gani ya zaro wuƙa ya tsinke zaren. Ya ce, "Baba, ba mai ɗaure ɗana." Sai na dubi tabon hannuwansa, na lokacin da kake riƙonsa, kana ɗaure shi a igiyar maruƙa in saniya ta ɓace.

Na ce masa zan gayyace ka suna. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Bari ya zo. Na daɗe ina jiransa."

A sa mu a addu'a, a gaida mutan gida. Ku taho duka ku ga yaron. Amma kai ka sauka ɗakina, kada ka shiga wurin Sule sai da ni.

Ƙanenka, Jibo.